Kwamanda Shu'ibu da Odar Motar Kurame

Idan za a jera manyan mutanen da ƙasar Haɗeja ta haifa, a ajiye wa Malam Shu'ibu kujerar gaba, ta jikin taga. Ko ba a ajiye masa ba ma, can zai zauna.

Mutum ne mai kwarjini, Allah ya ƙara. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, ya gama gaisawa da jama'a kafin mai shi ya iso. Hularsa doguwa ce, har sai ya rusuna kafin ya shiga zauren gidansa, kuma wannan ne kaɗai rusunawar da aka san shi da ita. Kafin ɗaukaka ta same shi, aikinsa a ofis buga hatimi ne. Amma ba irin bugun kowa ba. In Malam Shu'ibu ya buga hatimi, masinja kan leƙo ya ga ko wani ne ya faɗo daga kan kujera.

Ba a daɗe da ba mu sabuwar jiha ba, sai gwamnati ta tuna da kurame. Dama akwai aji guda da aka ware musu a wata firamare a bakin gari. Akwai kuma malamarsu, Malama Dibora, 'yar wajen Kafanchan, wadda ta iya maganar hannu. Aji akwai, malama akwai, yaran ne ke nesa. Suna warwatse a ƙauyukan fadama, iyayensu manoma da masunta, babu mai halin kawo yaro gari kullum. Sai gwamnati ta ce ta ɗauki nauyin jigilarsu. Ta ba da bas, ta ba da direba, ta ware kuɗin mai da na gyara. Da aka duba wanda zai kula da motar, aka tarar kowa a ofis yana da aikin yi. Aka ba Malam Shu'ibu.

Babban jami'in da ya kawo motar ya san halin motocin gwamnati: da safe aiki, da yamma kai amarya, ranar kasuwa dakon kifi. Saboda haka ya dafa kafaɗar mutumin namu ya ce, "Malam Shu'ibu, ka kula. Motar nan kada ta motsa sai da oda."

Kowa a wurin ya gane abin da yake nufi: kada a ɗauke ta ba izinin ofis. To amma oda iri biyu ce a bakinmu. Akwai wadda manya ke bayarwa, akwai wadda direba ke dannawa tumaki su ba shi hanya. Malam Shu'ibu, da yake ya fi kowa zurfin tunani, bai ga dalilin da zai sa ya zaɓi ɗaya ba. Ya haɗa duka biyun ya rungume.

Washegari ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa: Kwamandan Sufurin Ilimi na Musamman, Shiyyar Haɗeja da Kewaye, Tudu da Fadama. Ƙofar ba ta ishi rubutun ba, sai da Fadama ta sauka a bango. Sannan ya kira taron ma'aikata.

"Ma'aikata!" in ji shi.

Inuwa direba ya waiwaya bayansa. Babu kowa. Shi ne ma'aikatan.

"Daga yau mun shiga sabon zamani. Ni zan ba da oda, kai ka danna oda, yara su fito da oda. Da asuba ka tsaya a ƙofar gidana ka danna, ni kaina ba zan fito ba sai na ji ta. Shugaba shi ke fara bin doka. Akwai tambaya?"

"Oga, yaran nan fa kurame ne."

"Na ce akwai tambaya, ban ce akwai labari ba."

Cikin mako guda gari ya raɗa masa Malam Oda. Ya ji, ya kuma ji daɗi. Ya ɗauka sarauta ce.

Haka aka fara aiki. Asubar Kwamanda ba ta da lokaci guda, don sai ya karya kumallo, ya karɓi gaisuwa, ya zaɓi hula. Wata rana mota ta isa ƙauye da hantsi, wata rana sai rana ta take. Iyaye sun tafi gona, yara na cikin gida. Kwamanda ya leƙo ta taga ya ɗaga hannu kamar mai ba da umarnin harbi, Inuwa ya danna. Kaji su watse, awaki su tsinke igiya, jarirai su farka. Kuramen da aka zo ɗauka kuwa suna zaune suna cin ɗumamensu cikin kwanciyar hankali. Kwamanda ya dubi agogo, ya girgiza kai saboda lalacewar tarbiyya, ya ce a ja.

Akwai wata mata a Garin Fannami, Zainaba mai bandar kifi. 'Yarta Fanna na cikin yaran. Kafin zuwan bas, ranar kasuwa kaɗai Zainaba ke samun kai ta ajin, a bayan motar kifi. A wannan ɗan zuwan yarinyar ta fara rubuta sunanta, ta kuma koyo maganar hannu ta kawo gida. Shekara da shekaru Zainaba na zuba mata miyar kuka, sai a lokacin ta gano Fanna ba ta son miyar kuka ko kaɗan. Zainaba ba mai kuka ba ce. Ta dai ce tunda yarinyar ta fara magana, tana son ta ji saura.

Don haka ta bar bandarta rannan, ta yi wa Fanna wanka, ta tsaya da ita a gindin tsamiya tun safe. Mota ta iso. Inuwa ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, Kwamanda ya tsayar da shi.

"Wa ya ba yarinyar nan izinin fitowa?"

"Ni na fito da ita, Yallaɓai. Ba ita aka zo ɗauka ba?"

"An yi oda?"

"Ba a yi ba tukuna."

"To mayar da ita ciki. In an danna, ta fito da ƙafarta."

"Yallaɓai, ba ta ji fa."

"Shi ya sa gwamnati ta turo ni." Ya gyara zama, ya ɗaga murya don na nesa su amfana. "Baiwar Allah, ni na yi nazari a kan lamarin nan. Babu kurma a duniya. Sai dai wanda ba a yi wa oda yadda ya kamata ba."

Zainaba ta dube shi tun daga hula har tumbi. Ta ja 'yarta suka koma bayan zana. Inuwa ya danna. Zainaba ta sa hannu ta ɗan tura yarinyar waje.

"Na ga hannu!" Kwamanda ya yi tsawa. "Satar amsa! Direba, ja mu tafi!"

Kullum motar na isa makaranta a kan ƙa'ida, tsaf da ita, babu ko yaro guda da zai ɓata mata kujera. Malama Dibora ta gaji ta same shi a ofis.

"Oga Shu'ibu, benci nake koya wa karatu."

"Malama, ke aikinki aji, ni aikina mota. Motar ta taɓa fashin zuwa?"

"Tana zuwa ba kowa a ciki."

"Amma tana zuwa."

"To bari ka ji. Ƙarshen zangon nan mai duba makarantu za ta zo. In ta tarar da benci, za a rufe ajin. Ni a mayar da ni wani wuri, yaran su koma korar tsuntsaye a gonar shinkafa, motar kuma a ba wani garin."

Maganar yara ta wuce ta saman hularsa. Maganar mota ce ta sauka. In mota ta tafi, kujerar gaba ta tafi. Ya buga tebur.

"Na gano matsalar. Odar ta yi ƙanƙanta."

Daga nan kuɗin gyara ya samu aikin yi. Ya tafi Kano da kansa ya sayo odar tirela. Kurame ba su fito ba. Ya ƙaro wata mai waƙa. Ba su fito ba, amma yaran gari masu ji sun samu abin rawa. A halin nan tayoyin mota sun suɗe har suna ƙyalli. Ƙofar gefen Kwamanda ta daina buɗuwa ta ciki, sai an zagayo an buɗe masa, shi kuwa ya ce dama haka ake yi wa manya. Makulli ya karye, sai waya Inuwa ke haɗawa a ƙarƙashin sitiyari. Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Babban mutum ba ya kallon ƙasa, musamman in tumbi ya tare.

Mutanen fadama kuwa sun ga ilimi ganin idonsu. Kaji suka daina saka ƙwai a kan lokaci. Jakin wani ya tsinke a guje, sai a Miga aka gan shi, kuma ya ƙi dawowa. Dattijo Ba Fannami, bulama, wato mai garin su Zainaba, tsoho mai rawar hannu, ya koma shan kununsa a tsaye a bayan rumbu, don ya gaji da wanke riga. Ya aika a roƙi Kwamanda a rage. Kwamanda ya aiko masa da amsa cewa duk ci gaba da ƙararsa yake zuwa.

Ana saura kwanaki kaɗan mai duba makarantu ta zo, Allah ya haɗa shi da wani dillalin tsoffin ƙarafa a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. A can ya ga abin da ya daɗe yana mafarki: odar jirgin ƙasa, doguwa kamar kakaki, baki kamar na tulu. Bakanike ya ce ba ta aiki sai da tukunyar iska, kuma babu inda tukunyar za ta zauna sai tsakanin direba da kujerar gaba. Kwamanda ya ce a sa. Ya kuma ce a ɗora igiyar jan ta a gefensa, don irin wannan oda ta fi ƙarfin hannun ƙaramin ma'aikaci.

Ranar ta zo. Ƙarshen damina ne, fadama ta cika ta batse, shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan baki sun sauka a kanta ba adadi. Zainaba ta san abin da ranar ke nufi. Tun jiya ta bi ƙauyukan kusa ta tattaro kuramen duka a gidanta. Ta jingine taɓarya a bayan ƙofa. Ta gaya wa maƙwabta yau yaran nan za su shiga motar nan, da oda ko ba oda, kuma in Yallaɓai yana son bayani, ga bayanin nan a jingine.

Ba a kai ga taɓarya ba. Motar na dab da shiga garin su Zainaba, inda ruwa ya ci hanya, tayoyin nan masu ƙyalli suka yi abin da suka iya. Suka juya, suka juya, suka zauna a taɓo.

"Oga, mun kafe. Bari in kira mutane su tura."

"Zauna. Kwamanda ba ya kira, oda yake yi."

Ya naɗe hannun babbar riga, ya kama igiya, ya ja da duk ƙarfin da ya tara a shekarun hatimi. Igiyar ta tsinke a hannunsa. Odar kuwa ta buɗe baki, ta ƙi rufewa.

Wanda bai ji ba, ba zai gane ba. Jan baki suka tashi daga shinkafa gaba ɗaya, rana ta dushe. Shanu suka faɗa ruwa. Masunta suka saki koma suka nutse da gangan. Ba Fannami ya shige ƙarƙashin rumbu da ƙwaryar kununsa a ka. Inuwa ya diro ya ranta a na kare, yatsu a kunne, bai tsaya raba waya ba. Ita kanta Zainaba, mai taɓarya, ta naɗe kai da zane ta durƙusa a bayan randa.

Kwamanda ya murɗa ƙofa, ƙofa ta tuna masa cewa manya ba sa buɗewa da kansu. Ya nufi ɓangaren direba, tukunyar iska da tumbi suka gaisa, kowa ya ƙi ba wani hanya. Inji na ci, tukunya na cika, oda na yi. Kashe mota kuwa bai taɓa koya ba, aikin ma'aikata ne. Ya leƙa taga yana ihu, ko shi bai ji abin da yake cewa ba. Duk faɗin fadamar nan babu mai kunnen da zai iya kusantar motar.

Sai marasa ji.

Su dai sun ga tsuntsaye sun rufe sama. Sun ga manya suna birgima. Sun ji ƙasa na rawa a tafin ƙafa, wani abu na kaɗa musu ƙirji. Abin ya ba su sha'awa. Fanna ta yafito sauran, suka fito a jere, suka bi hanya suna tafe suna hira da hannu kamar masu zuwa kallon biki. Suka kewaye motar. Suka tarar da mutumin nan mai doguwar hula yana buɗe baki yana rufewa kamar tarwaɗa a kan tudu. Dama haka suka saba ganinsa, don haka ba su damu ba.

Fanna ta hau ta ƙofar direba. Ta dafa nan, ta dafa can, tana neman inda rawar ta fi yawa. Ta samu wani tiyo yana zillo a jikin tukunya kamar zai tsere. Ta kama shi da hannu biyu ta fizge.

Shiru ya sauko wa fadama. Har kwaɗi sai da suka jinkirta.

Mutane suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba Fannami ya rarrafo, kunu na bin gemunsa, ya ce, "Jama'a, ku tura abin nan ya bar mana gari, ko da a ka za ku ɗauka." Ba a taɓa tura mota da zuciya ɗaya irin ta ranar ba. Wani ya buɗe wa Kwamanda ƙofa. Ya sauko, hula a karkace, ya ga yara tsaye a gaban mota. Fuskarsa ta washe.

"KUN GANI?" Ya faɗa da muryar da ta sa aka sake toshe kunne. "SUN FITO DA ODA!"

Zainaba ta buɗe baki ta gaya masa magana mai tsawo, wadda ta haɗa da shi da hularsa da wanda ya ɗinka ta. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai.

"BA KOMAI, BAIWAR ALLAH! AIKINMU NE!"

Nan aka gane abin da ya faru: oda ta tafi da kunnen Kwamanda. Zainaba ta kwashi yara ta zuba a mota, ita ma ta shiga. Aka nemo Inuwa a kan bishiya.

Sun isa makaranta Hajiya Asabe, mai duba makarantu, ta riga ta rataya jaka. Ta gama kallon benci, ta gama jin haƙurin Malama Dibora, tana shirin tafiya da hukuncin da kowa ya sani. Sai ga yara suna shigowa, taɓo har gwiwa. Malama Dibora ta miƙa wa Fanna alli. Yarinyar ta rubuta sunanta a allo, harafi na ƙarshe ya ɗan kwanta, amma sunan ne. Hajiya ta sauke jaka ta zauna.

Bayan ta ga darasi, ta fito ta zagaya motar. Ta dubi tayoyi, ta dubi kakakin da ke kan rufi, ta saurari Inuwa, wanda yau bakinsa ya buɗe. Sannan ta juyo.

"Malam Shu'ibu, me ya sa yaran nan ba sa zuwa sai yau?"

"LAFIYA LAU, HAJIYA! IYALI SUNA GAISHE KI!"

"Na ce ina kuɗin taya?"

"AMIN, AMIN! TARE DA KE!"

Hajiya Asabe ta dubi Malama Dibora. Malama Dibora ta dubi sama.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Aji ya tsaya. A kwance ododin nan duka a sayar a sayi taya, a bar 'yar ƙaramar da motar ta zo da ita. A tsayar da lokaci guda, iyaye su fito da yara, uwa guda ta riƙa rakiya. Malam Shu'ibu ya koma kan hatiminsa. Amma tunda yanzu ya cika sharaɗi, in yana son zuwa aji kafin kunnensa ya dawo, a riƙa ɗaukarsa kamar kowane ɗalibi, a baya.

Duk wannan a gabansa aka faɗa. Ya ga bakin Hajiya na motsi, ya ga tana nuna shi, ya ga mutane suna murmushi. Ya san abin da hakan ke nufi. Ya dafa ƙirji.

"BAN CANCANTA BA, HAJIYA, AMMA NA KARƁA! WANNAN ƘARIN GIRMA BA NAWA BA NE NI KAƊAI! NA DUK WANDA YA YARDA DA ODA NE!"

Aka tafa masa. Ya ga tafin.

A yi masa adalci. Gwamnati ta ba shi mota ne ya kai mata kurame makaranta. Sau ɗaya ya kai, amma ya yi abin da ba a ma sa shi ba, ya ƙaro mata guda daga aljihunsa.

Da aka gama gyaran mota, ranar farko Inuwa ya kwaso yara a kan lokaci, ya biyo ta ƙofar gidan tsohon ogansa. Malam Shu'ibu na zaune a zaure tun asuba, ya sha sabuwar riga, ya ba titi baya, yana jiran a kira shi yadda doka ta tanada. Inuwa ya danna 'yar ƙaramar oda. Ya sake dannawa. Doguwar hula ba ta motsa ba.

Matarsa ta leƙo daga cikin gida, ta ga mota, ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa.

Zainaba ta zuro kai daga kujerar gaba, ta jikin taga.

"Na ga hannu!" in ji ta. "Satar amsa! Direba, ja mu tafi."